Kwalabe Tamanin Tsirara

Ƙanena Firmin shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar wata maɗaba'a a garin Beaune, yana kai wa masu gonakin inabi kwalayen takardun da ake liƙa wa kwalaben giya. Aikinsa ke nan: ya ɗora kwali, ya sauke kwali, a sa masa hannu, ya juyo. Amma tun ranar da ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu Vergelle ya tare a ɗakin sama na gidana, ba wanda ya ƙara shan giya da kwanciyar hankali a ƙauyen nan. Da ka ɗauki kwalba zai miƙo hannu ya ce, "Tsaya tukuna. Ka karanta ta?"

A shagon Barnabé yake baje kolinsa, wajen da maza ke zama kafin abincin rana.

"Takardar kwalba katin shaida ce," in ji shi, yana nuni da ɗan yatsa. "Wannan babban rubutun sunan ƙauye ne. In ka ga sunan gona a ƙarƙashinsa, ka gyara zama. Ga shekarar da aka tsinki inabin. Ga sunan mai gonar. Wannan ɗan layin na can ƙasa shi ke faɗa maka ko a gidansa aka ɗura, ko wani ɗan kasuwa ne ya saya a ganga ya ɗura. Sunan inabin kuwa ba ma rubutawa. Wanda bai sani ba ya koma garinsu."

"Firmin," in ji Barnabé, "duk wanda ke zaune a nan a gindin ganga ya yi rarrafe. Wa kake koya wa?"

"Ku sha kuka iya. Ni karatu na iya."

Da abin ya tsaya a surutu, da da sauƙi. Sai a watan Mayu aka kwana uku ana ruwa, rafin bayan gari ya tumbatsa ya shige rumbun ƙasa na maƙwabciyata Léonie. Da ruwan ya janye muka sauka da fitila, muka tarar katakon ajiya ya rufto, kwalabe tamanin suna kwance a laka, duk tsirara. Takardunsu kuwa sun taru a lungu ɗaya kamar ganyen kaka.

Léonie ta zauna a kan matakala ta fashe da kuka, kuma na san dalili. Shekarar da aka haifi 'yarta Coline, 1996, mijinta Ambroise ya ware kwalabe shida daga ɗan filinsa na bayan coci, kamar yadda uban kirki ke yi, ya ce ba za a taɓa su ba sai ranar auren yarinyar. Ambroise ya rasu shekara huɗu ke nan. Auren saura mako uku. Kwalaben shida suna cikin tamanin ɗin nan, kuma duk bakinsu iri ɗaya ne, don mutumin kowace kwalba ta shigo rumbunsa, tasa ce ko kyauta aka ba shi, sai ya tsoma bakinta a jan kakin zuma har wuya.

Na ce, "Léonie, mu kira Gaspard." Gaspard shi ne uban ango, gonarsa na manne da ta Ambroise, tare suka tashi.

Sai muka ji murya daga saman matakala. "A kira suruki ya zo ya ga rumbun amarya a wannan hali? Yaya Honorine, ina hankalinki?"

"Firmin, wa ya gayyato ka?"

"Aiki ne ya gayyato ni. Léonie, share hawayenki. Takardar kwalba miliyan nawa ta wuce ta hannuna? Ki ba ni kwana biyar, kowace kwalba za ta koma cikin rigarta."

Léonie mace ce mai kunya, maganar surukin nan ta shige ta. Ta miƙa masa makullin rumbu. Ni kuwa ban yarda ba, don na san wanda na goya.

Ranar farko ya kwashe takardun a bokiti, ya shanya su ɗaya bayan ɗaya a kan ciyawa kusa da kunyar latas ɗin Léonie, ya danne kowace da tsakuwa. Na ce masa ya shigar da su ɗaki. Ya ce takarda mai daraja iskar Allah take so. Bayan ruwan kwana uku, a yankinmu na Bourgogne mai yawan dodon-koɗi, kusa da latas! Da gari ya waye dodon-koɗi sun yi taro a kan takardun, suna tafe suna kiwo. Sun cinye rabin sunan wani ƙauye, sun huda fiye da guda goma, kuma a cikin takardu shida na Ambroise sun lashe shekarar guda uku tas.

Barnabé ya leƙo ta kan katanga da kofinsa a hannu. "Malam mai karatu, ɗalibanka sun riga ka zuwa aji."

"Ka lura da wanda suka zaɓa?" in ji Firmin, ko a jikinsa. "Shekara mai kyau suka nufa kai tsaye. Dodon-koɗin Vergelle ya fi wasu masu shago sanin giya."

Ya ciro biro ya rubuta 1996 da hannunsa a inda aka cinye.

Rana ta biyu takardun sun bushe sun nannaɗe, sai ya ɗauki dutsen gugata ba tare da ya tambaye ni ba. Biyu sun ƙone. Ɗaya ta manne a gindin dutsen, bai faɗa mini ba. Ran Lahadi na goge farar rigata na tafi coci, ina zaune a layi na biyu sai na ji ana ƙus-ƙus a bayana. Da aka tashi matar magajin gari ta jawo ni gefe.

"Honorine, ba gulma ba, amma an rubuta Pommard a bayanki. A bai-bai."

Na dawo gida ina huci. Firmin ya juya ni ya duba, ya ce, "Ki gode wa Allah, Yaya. Ƙauye ne mai suna. Da giyar tebur ce ta kama ki fa?"

Na jefe shi da takalmi, ya goce.

Sai aka zo babban aikin. Ya fito da kwalaben tamanin tsakar gidan Léonie ya jera, maƙwabta suka jeru a katanga kamar ana wasan ƙwallo. Léonie ta ce, a hankali, "Firmin, na ga ka iya karanta takarda. To yaya za ka san wace kwalba ce mai wace takarda?"

"Tambaya mai kyau. Kafaɗa za mu fara dubawa. Kwalbar yankin Bordeaux kafaɗarta a tsaye take, tamu a zube."

Ya bi layi yana shafa kafaɗu. Duk tamanin a zube suke.

"An rage aiki," in ji Barnabé. "Yanzu mun san ba a Bordeaux muke ba."

"Sai ƙura. Tsohuwar kwalba ƙurarta ta fi kauri."

"Wace ƙura?" na ce. "Ruwa ya wanke su, kai kuma jiya ka bi su da soso."

Bai kula ni ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga babban yatsansa sama don kowa ya gani.

"Ga ma'aunin da ba ya ƙarya. Ramin gindin kwalba. Mai giya mai daraja ba ya zuba ta a kwalba mai shafaffen gindi. Iya zurfin ramin, iya darajar abin da ke ciki."

Wannan magana kowa a nan ya taɓa jin ta a bakin wani kawunsa a wajen biki, kuma kowa ya san iya inda ta tsaya. Firmin shi kaɗai ya ɗauke ta aiki. Ya dinga ɗaga kwalba yana zura yatsa a gindinta, ya rufe ido, ya gyaɗa kai kamar likita, ya yanke hukunci. "Babba." "Tsaka-tsaki." "Ta tukunya." Ta goma sha tara ta suɓuce ta fashe a kan takalminsa.

Léonie ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! In tana cikin shidan fa?"

Ya duƙa ya shinshina takalmin. "Ba ta ciki. Wannan ƙamshin bai kai shekara ashirin ba."

"Ƙamshin giyar ko na takalmin?" in ji Barnabé.

Kafin la'asar ya ware wasu shida masu nauyi, baƙaƙe, masu ramin da yatsa ke ɓacewa a ciki. Ya ce ga dukiyar Ambroise. Ya ware wasu shida marasa nauyi, gindinsu kusan a shafe, ya ture su gefe da ƙafa. Sauran na tsakiya ya ce dole a ɗanɗana kaɗan daga ciki don a tabbatar da ma'auni. A nan ne Barnabé ya daina tsokana ya tsallako katanga. Sun buɗe tara. Da na dawo daga kwashe shanya na same su rungume da juna, Barnabé yana cewa dama shi tun fil azal ya san Firmin masani ne, Firmin kuma yana karanta wa bokiti takarda.

Liƙawa kuma ya ce ba za a yi da gam ba, da madara ake yi, haka mutanen da suke yi a gida. Wannan kam gaskiya ce, madara tana riƙe takarda. Abin da mutanen da ba sa yi shi ne su bar kwalabe saba'in jiƙe da madara a tsakar gidan da ke da kyanwa. Ta Léonie ta gayyato ta Barnabé. Kafin mu gama cin abinci sun lashe layi biyu, takardu sun zame, wasu sun koma kan maƙwabtansu. Kwalba ɗaya ta tashi da takarda biyu, ƙauye biyu, shekara biyu.

"Wannan fa?" na ce.

"Gauraye ce," in ji shi.

Shidan nan masu nauyi dai ya kai su ɗakinsa ya kulle, ya liƙa musu takardun Ambroise da hannunsa, ya dawo wa Léonie da su a kwando an rufe da farin ƙyalle. Ta ɗaga ƙyallen ta ga sunan mijinta a jere sau shida, ta rungume Firmin tana kuka. Ya dube ni ta kan kafaɗarta ya ɗaga gira. Wallahi har ni sai da na fara tunanin ko na zalunce shi.

Ni ce mai girkin bikin. Naman sa za a yi, wanda ake jiƙawa a giya ya kwana, na mutum tamanin. Ran Juma'a da hantsi na tura Firmin ya kawo mini giyar tukunya, ya kawo marasa nauyin nan shida, ya manna musu takardun giyar tebur, babu ƙauye, babu shekara. Mura nake yi tun ranar da muka kwashe lakar rumbu, hancina a toshe kamar an yi masa siminti. Na fasa kakin, na zare matosan na jefa a aljihun rigar girkina kamar yadda na saba, na juye duka shidan a kan nama da albasa da karas. Wa ke tsayawa duban giyar tukunya?

Ran Asabar, bayan an ɗaura aure a gaban magajin gari da kuma a coci, aka zauna cin abincin rana a tsakar gidan Léonie, dogayen tebura uku a ƙarƙashin inuwa. Aka kawo naman. Ni dai shekara arba'in ina wannan girkin, ban taɓa ganin taro ya yi tsit a kansa irin na ranar ba. Ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Fada, limamin cocinmu, ya nemi ƙari. Gaspard, wanda bai taɓa yabon komai ba tun da aka haife shi, ya nemi na uku.

"Honorine," ya ce, "me kika sa a ciki?"

"Abin da na saba."

"Ƙarya kike. Amma Allah ya yi miki albarka."

Raina ya yi fari, ba zan ɓoye ba.

Sai Firmin ya miƙe ya buga kofi da cokali. Ya sa baƙar kwat da jan ƙyalle a aljihu. Aka kawo kwandon, ya ɗaga kwalba ɗaya da hannu biyu.

"Jama'a, kowa ya san abin da ruwa ya yi a gidan nan. Kwalabe tamanin, babu mai suna. Aka ce sun ɓata. Wasu har dariya suka yi a kan katanga." Ya harari Barnabé. "To ga su. Bari in karanta muku. Vergelle: ƙauyenmu. Bayan Coci: sunan gonar. Dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da shida: shekarar amarya. Ambroise Jacotin, mai gona: Allah ya jiƙansa. An ɗura a gida. Takarda ba ta ƙarya, jama'a, sai dai a rasa mai karanta ta."

Aka yi tafi. Coline ta riƙe hannun uwarta. Aka ba Gaspard mabuɗi don girmamawa, ya buɗe duka shidan, aka bi kowa da ɗan kaɗan a kofi. Na ga ya ɗaga nasa yana duban kalar, gashin girarsa ya haɗu. Léonie ta miƙe ta ce, "Don Ambroise." Kowa ya amsa, kowa ya kurɓa.

Ni da hancina a toshe ma sai da na ji haƙorana sun mutu. Tsami ne irin wanda ake wanke tukunya da shi. Amma giyar mamaci ce, a bikin 'yarsa, matarsa na tsaye, wa zai fara tofarwa? Mutum tamanin suka zauna da kumatu a kumbure, idanu na hawaye, kowa na kallon na kusa da shi. Matar magajin gari ta yi kamar tana gyara takalmi ta zubar a ƙarƙashin tebur. Fada ya haɗiye, ya yi alamar gicciye.

"Haka tsohuwar giya take," in ji Firmin, muryarsa ta siranta. "Iska take so. A ba ta minti goma."

"A ba ta shekara goma," in ji Barnabé.

Gaspard ya ajiye kofinsa a hankali.

"Léonie, ki yi haƙuri, wannan ba ita ba ce. Wannan giyar masu tsinkar inabi ce, wadda Ambroise ke kai wa ma'aikata gona. Manyan kwalaben nan a bayan otal yake tsinto su, don ba sa fashewa a tarakta. Na sha ta tana sabuwa, lokacin ma sai da addu'a."

"Amma takardar ta ce..." in ji Firmin.

"Kai ka liƙa ta ko? To kai ka ce, ba ita ba." Ya juya matoshin da ke gabansa. "Ga shi ma babu komai a jiki. Shekarar da aka haifi yarinyar nan ni na raka Ambroise wajen mai matosai. Kwalaben da ya samu a lokacin marasa nauyi ne, na araha, amma ya ce matosan sai an ƙona musu sunanta. Ya ce kada in faɗa wa kowa, ranar aurenta za ta gani. Da an tambaye ni, minti biyar ya isa. A kankare kaki a leƙa wuyan kwalba."

Marasa nauyi. Na tuna da tukunyata. Rigar girkin jiya ce a jikina, ban cire ba don ina ta kai da kawo. Na zura hannu a aljihu, na ciro matoshi ɗaya na juya shi. Na ciro sauran biyar. Na taka har gaban amarya na zube su a kan farin ƙyallen tebur.

A jikin kowanne an rubuta: Coline, 1996.

Coline ta ɗauki ɗaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Gwaggo Honorine, ina giyar?"

"Tana cikin naman, 'yata."

"Duka?"

"Duka shidan."

Gaspard ya dubi farantinsa da ya suɗe tas, ya cire hularsa. Léonie ta koma ta zauna. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, don shekara ashirin da bakwai giyar nan ta jira, ni na juye da hannuna ko shinshinawa ban yi ba.

"To ai kun gani," in ji Firmin, yana gyara kwat. "In aka lura, ta wannan hanyar kowa ya samu rabonsa, har yara. Ni dama tun farko..."

"Firmin," na ce, "in ka ƙarasa maganar nan, yau a rumbu za ka kwana."

Coline ta fara dariya, hawaye na zuba. Ta tattare farar rigarta ta nufi kicin, angonta na biye da ita, suka dawo ɗauke da babbar tukunyar su biyu suka dire a tsakiyar tebur. Saura ɗan romo a gindi, baƙi, mai kauri. Ta gutsuri burodi ta dangwala ta sa wa uwarta a baki, ta sake dangwalawa ta ci.

"Inna," ta ce, "ashe Baba ya iya giya."

"Ya iya," in ji Léonie, tana share ido.

Nan fa kowa ya taso da gutsuren burodinsa, aka yi layi, Fada a gaba. Firmin ma ya lallaɓo da nasa, ya miƙa hannu. Léonie, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba, ta riƙe wuyan hannunsa. Ta jawo ɗaya daga cikin manyan kwalaben, ta juyo masa da takardar, ta cika kofi har baki ta tura gabansa.

"Kai ga taka. Ka karanta mana ita da bakinka, shekara mai kyau ce. Sha."

Ya dube ni, na kawar da kai. Ya dubi Barnabé, Barnabé ya ɗaga masa babban yatsa. Ya ɗauki kofin ya kafa kai, mutum tamanin na kallo, ya shanye har ɗigon ƙarshe. Ya ajiye, ya daɗe bai iya buɗe ido ba.

"Akwai ɗan tsami-tsami daga ƙarshe," ya ce.